Yadda Amurka ta kai wa Japan kifi, Japan ta dawo mata da dabarar kama shi

1/ Zaren yau a kan zare ne, na fatsa nake nufi 😅 Akwai wata dabarar ɗaure ƙugiya da ake kira dirof-shot. A yau da wuya ka leƙa jirgin ƙwararren ɗan gasar kamun kifi a Amurka ka rasa sanda ɗaya da aka ɗaure haka. Amma a Japan ta girma, kuma labarin yadda aka yi ya fi dabarar kanta daɗi. Ku gyara zama 🧵

2/ Mu fara da kifin. Sunansa bas (ba motar haya ba, don Allah). Kifin ruwan daɗi ne ɗan asalin Arewacin Amurka, mafarauci, yana cin ƙananan kifaye da kwaɗi da duk abin da ya shiga bakinsa. A hali kamar giwan ruwa yake, sai dai bai kai shi girma ba ko kusa. Iri biyu ne suka fi suna: mai ƙaton baki da mai ƙaramin baki.

3/ Abin da zai ba ku mamaki shi ne yawancin masu kama shi a can ba miya suke nema ba. Wasa ne, kuma wasan kuɗi. A 1967 wani mai sayar da inshora daga jihar Alabama, Ray Scott, ya shirya gasa a tafkin Beaver da ke Arkansas. A 1968 ya kafa ƙungiyar B.A.S.S. Daga nan kamun bas ya zama sana'a, da kyaututtuka da tallace-tallace da talabijin.

4/ A 1972 Scott ya fara kamfen ɗin a riƙa mayar da kifi ruwa da ransa bayan an auna shi. Ku riƙe wannan, don shi ne ginshiƙin labarin. Kifin da aka kama aka saki, aka sake kamawa aka saki, ba zai zauna wawa ba. Yana koyon darasi.

5/ A wancan lokacin salon Amurkawa na ƙarfi ne. Zare mai kauri, sanda mai tauri, babban abin yaudara. Tanar roba, wadda Nick Creme ya fara narkawa a gidansa a Ohio a 1949, ana ɗaure ta ne da darma a gaba, ƙugiya a ƙarshen zare, a riƙa jan ta a ƙasan ruwa. Salon Teksas da na Karolina duk haka suke: darma a sama, ƙugiya a ƙarshe. A tafkunan kudu masu duhun ruwa da ciyawa, hakan na aiki sosai.

6/ To mu tsallaka Japan, mu kuma koma baya kaɗan. A 1925 wani attajiri da ya yi karatu a Amurka, Akaboshi Tetsuma, ya shigo da bas mai ƙaton baki ya zuba a tafkin Ashi, a yankin Hakone. Niyyarsa a samu kifin ci da na nishaɗi. Kafin nan babu wannan kifi a ƙasar kwata-kwata.

7/ Shekaru da yawa kifin bai bazu sosai ba. Sai daga wajen shekarun 1970, da sha'awar fatsa irin ta Amurka ta kama matasa, ya fara ɓulla a tafkuna da madatsun ruwa a ko'ina. Kifi dai ba ya tafiya a ƙasa, ai kun san wasu ne suka riƙa ɗaukarsa a ɓoye suna zubawa. A 1974 aka tabbatar ya shiga tafkin Biwa.

8/ Biwa ba ƙaramin wuri ba ne. Shi ne tafki mafi girma a Japan, kusan murabba'in kilomita 670, a lardin Shiga kusa da Kyoto. Yana cikin tsofaffin tafkunan duniya, shekarunsa ana lissafa su da miliyoyi, kuma akwai halittun da a duk duniya a nan kaɗai suke. Za mu dawo kansu.

9/ A shekarun 1990 kamun bas ya zama yayi na gaske a Japan. Mujallu, shirye-shiryen talabijin, taurari suna ɗaukar hoto da kifi a hannu, yara 'yan makaranta da sanduna a kan keke. Ƙasa mai yawan jama'a, wuraren fatsa kaɗan, ruwa garai-garai a wurare da yawa, kuma kowa kamawa yake ya saki.

10/ Ku yi tunanin kai ne kifin. Tun asuba har magariba abubuwan roba suna wucewa ta gabanka, kuma ka taɓa ɗanɗana ƙugiya sau biyu ko uku. Za ka sake kai wa wani ƙaton abu mai ƙara cafka? Ina! Dabarun da aka kwafo daga Amurka suka fara gazawa, musamman ga wanda ke tsaye a gaɓa cikin cunkoso, ba shi da jirgin da zai kai shi inda ba kowa.

11/ A nan sunan Murakami Haruhiko ya shigo. Mai fatsa ne da ya yi suna da kamu daga bakin gaɓa a Biwa. A shekarun 1990 ya yaɗa wani ɗauri da ya kira Tsunekichi. Tsune na nufin kullum, kichi kuma sa'a. Wato "kullum sa'a". Sunan kaɗai ya isa ya sayar da kaya 😂

12/ Abin da ya yi shi ne juya tsarin. Darma ta koma can ƙarshen zare, ƙugiya ta hau sama da ita. Shi ke nan fa. Idan ka gani a hoto za ka ce wannan ne ake ta surutu a kai?

13/ Kuma gaskiya tsarin kansa tsoho ne. Masuntan teku a Japan sun daɗe suna da ɗaurin da suke kira dotsuki, darma a ƙasa, ƙugiyoyi a jere a sama. Turawan Ingila ma suna da irinsa mai suna fatanosta. Don haka ni ba na cewa Murakami ya ƙirƙiro shi daga babu. Abin da ya yi, shi da sauran 'yan zamaninsa, shi ne rage komai ya zama siriri, a sa tanar roba ƙarama, a fuskanci kifin da ya riga ya waye.

14/ Bari in tsaya a kan yadda ake ɗaurin, don a nan hikimar take. Za ka ɗauki zare siriri, irin wanda ƙarfinsa bai wuce kilo 3 zuwa 4 ba. Ka ɗaure ƙaramar ƙugiya da ƙullin da ake kira Palomar, amma ka bar jelar zaren da tsawo, kada ka yanke ta kamar yadda aka saba.

15/ Sai ka ɗauki wannan jelar ka sake zura ta cikin idon ƙugiyar daga sama, ta ɓangaren da tsinin yake, ka ja ta ƙasa. Wannan ɗan matakin ne ke sa ƙugiyar ta miƙe a gicciye daga jikin zaren, tsininta na kallon sama. In ka tsallake shi, ƙugiyar za ta riƙa lilo a karkace, kifi ya ciza ya tafi abinsa.

16/ A ƙarshen jelar sai darma, mai nauyin giram 3 da rabi zuwa 10 a mafi yawan lokuta, gwargwadon zurfi da iska. Tazara tsakaninta da ƙugiya yawanci santimita 30 zuwa 45, amma ana ragewa ko ƙarawa. In akwai ciyawa a ƙasa, sai a tsawaita don tanar ta tsaya a samanta.

17/ Darmar ma ta musamman ce. Tana da ɗan matsattsen ƙarfe a kai da ake maƙale zaren ciki ba tare da ƙulli ba. In ta maƙale tsakanin duwatsu ka ja, ita kaɗai za ta zame ta zauna, ƙugiyarka da tanarka su dawo. Mai siffar ƙwallo ta fi jin ƙasa, doguwa siririya ta fi ratsa ciyawa da tsagar dutse.

18/ Tanar roba kuwa ƙarama ce, santimita 10 zuwa 15, a soke ta ta kan hanci kawai don sauran jikin ya samu sakewa. In wurin na da itace ko ciyawa mai yawa, a ɓoye tsinin ƙugiyar cikin jikinta.

19/ Yanzu ga sirrin. A tsohon tsari, in kana son tana ta yi motsi dole ka ja darmar, in ka ja darmar kuma tanar ta bar wurin. Motsi da tafiya a haɗe suke. A wannan ɗaurin an raba su. Darma na zaune a ƙasa kamar anka, kai kuma ka ɗan sassauta zaren ka riƙa karkaɗa kan sanda a hankali. Tanar tana rawa a wuri ɗaya, daidai hancin kifi, har tsawon lokacin da ka ga dama.

20/ Kifin da ya waye ba zai bi abin da ke gudu ba. Amma ƙaramin abu mai kama da marar lafiya, yana shawagi a gabansa minti ɗaya, minti biyu, bai tafi ba? Haƙurinsa na ƙarewa. Wani lokaci ma ba a karkaɗawa sam, motsin ruwa kaɗai ya isa. Masu koyo sun fi yin kuskuren girgizawa da yawa har darmar ta riƙa tsalle, sai duk amfanin ya tafi.

21/ Wani amfanin kuma: tunda babu darma tsakanin hannunka da ƙugiya, ɗan taɓi kaɗan ma za ka ji. Kuma ba a fizga da ƙarfi kamar a salon Teksas. Zaren siriri ne, zai tsinke. Ɗaga sanda kawai ake yi a naɗe zare, ƙugiyar mai kaifi ta shiga da kanta.

22/ Akwai wani abu da mutane ke mantawa in ana wannan tarihin, shi ne zaren. A 1971 kamfanin sinadarai na Japan, Kureha, ya fitar da zaren fatsa na fulorokabon na farko da sunan Seaguar. Yana nutsewa, ba ya talewa kamar nailan, kuma ya fi wuyar gani a cikin ruwa. Ni a ganina da babu irin wannan zaren a hannun Japanawa tun da wuri, da dabarar ba ta yi wannan tasirin a ruwa mai haske ba.

23/ Aibinta ɗaya da kowa ya sani: zaren na murɗewa, saboda tanar na juyawa in ana naɗowa. Shi ya sa daga baya aka koma sa zaren saƙa a matsayin babban zare, a ɗaura ɗan guntun fulorokabon a gaba, wasu kuma su yi amfani da ƙugiya mai ɗan majuyi.

24/ To yaya ta koma Amurka? Ta Kalifoniya, wajen ƙarshen shekarun 1990. Kuma ba haɗari ba ne ta sauka a can. Madatsun ruwan kudancin Kalifoniya irin su Castaic da Casitas suna da zurfi, ruwansu fes, ga jama'ar Los Angeles a kansu kowane ƙarshen mako. Matsalarsu iri ɗaya da ta Japan. Dama mutane irin su Don Iovino sun daɗe suna kamu da siririn zare da ƙananan tanoni a can, don haka ƙasar a shirye take.

25/ Wanda ya fi kowa ɗaukar ta ya kai babban fage shi ne Aaron Martens, haifaffen 1972, wanda ya taso yana shiga gasa tare da mahaifiyarsa, Carol, a tafkunan Kalifoniya. Da ya shiga manyan gasanni na ƙasa, 'yan kudu da yawa suna yi wa siririn zare kallon kayan wasan yara. Shi kuwa sai kawo kifi yake wurin awo a ranakun da wasu ke dawowa hannu rabbana.

26/ Ya zama gwarzon shekara na Bassmaster sau uku: 2005, 2013 da 2015. Har akwai launin tanar roba ta kamfanin Roboworm da ke ɗauke da sunansa, Aaron's Magic. Amma babbar gasa, Bassmaster Classic, ta ƙi shi. Sau huɗu yana zuwa na biyu. Ya rasu a Nuwamban 2021 bayan fama da ciwon dajin ƙwaƙwalwa, yana da shekara 49.

27/ Ɗaya daga cikin waɗannan na biyun shi ne ya fi ba ni dariya da tausayi lokaci guda. A 2004, a tafkin Wylie, wanda ya doke shi Bajapane ne, Takahiro Omori, mutum na farko daga wajen Amurka da ya ci Classic. Kuma kifayen da suka ba shi nasara a mintunan ƙarshe, da abin yaudara na katako ya kama su, irin wanda ake jefawa a jawo da sauri, salon Amurkawa tsantsa. Ba'amurken da ya yi suna da dabarar Japan ya sha kashi a hannun Bajapanen da ya ƙware a ta Amurka.

28/ Abin da ya ƙara kafa dirof-shot a Amurka kuma wasu baƙin halittu ne. A ƙarshen shekarun 1980 wata 'yar ƙumba mai zane kamar na jakin dawa ta shiga manyan tafkunan da ke tsakanin Amurka da Kanada, cikin ruwan da jiragen dakon kaya ke ɗebowa daga Turai don daidaita nauyi. Tana tace ruwa, sai tafkunan suka ƙara haske. A 1990 kuma aka ga wani ɗan kifi mai suna gobi a kogin St. Clair, shi ma ta wannan hanyar ya zo, daga yankin Bahar Aswad.

29/ Gobi a ƙasan ruwa yake zama, kan duwatsu. Bas mai ƙaramin baki ya same shi a matsayin abinci ya yi ta ƙiba. Ruwa mai haske, zurfi, kifi yana kiwo dab da ƙasa: kamar don dirof-shot aka tsara wurin. A tafkunan Erie da St. Clair da kogin St. Lawrence, yau tana cikin manyan makaman 'yan gasa, har ana ƙera robobi masu siffar gobi musamman dominta.

30/ Da na'urorin hango kifi a ƙarƙashin ruwa suka ci gaba, abin ya ƙara sauƙi. Mutum na kallon kifin a allo, ya sauke masa tana a kai, yana kallon yadda yake matsowa. Tun da Garmin ya fitar da LiveScope a 2018 ake ta cacar baki ko wannan har yanzu fatsa ce ko wasan bidiyo. Wannan zare ne na wata rana.

31/ Mu koma Biwa, don a can ne aka biya kuɗin wannan nishaɗin. Bas ba shi kaɗai ya shiga ba. A 1960 magajin garin Chicago, Richard Daley, ya ba Yarima Akihito kyautar wasu kifaye masu suna bulugil, ba su kai 20 ba. Aka kai su cibiyar bincike da fatan su zama abinci. Suka bazu a ƙasar, har cikin Biwa.

32/ Bas na cin ƙananan kifaye, bulugil na cin ƙwai da 'ya'ya. Kifayen gida irin su honmoroko da nigorobuna suka ragu ƙwarai. Nigorobuna shi ake yin funazushi da shi, wani tsohon abincin Shiga da ake jera kifi cikin gishiri sannan cikin shinkafa ya yi watanni yana tsami. Akwai iyalan da sana'arsu ke nan kaka da kakanni, masunta da masu sarrafawa.

33/ Adalci dai, ba baƙin kifaye kaɗai suka jawo ba. An cike gaɓoɓi, an rage ciyayin da kifi ke ƙwai a ciki, an canza yadda ake sarrafa tsayin ruwan. Masu son bas suna yawan kafa hujja da wannan, kuma suna da gaskiya a nan. Sai dai ni ban ga yadda hakan ya wanke wanda ya ɗauki mafarauci a bokiti ya zuba a tafkin da ya shekara miliyoyi ba tare da shi ba.

34/ A 2003 dokar lardin Shiga ta fara aiki: in ka kama bas ko bulugil a Biwa, ba a yarda ka mayar da shi ruwa ba. Aka ajiye akwatuna a bakin tafki don zuba su. Ku tuna fa, sakin kifi shi ne kusan ibadar wannan wasan tun zamanin Ray Scott, kuma shi ne ya wayar da kifin har aka buƙaci Tsunekichi. Masu fatsa da masu shagunan kaya suka yi ca, har kotu aka je.

35/ A 2005 dokar ƙasa kan baƙin halittu masu ɓarna ta fara aiki, bas na cikin jerin. An hana shigo da shi, kiwonsa, ko ɗaukarsa da rai zuwa wani ruwa. Tafkuna huɗu ne aka yi wa sassauci saboda tattalin arzikinsu ya dogara da shi: Ashi, inda aka fara zuba shi, da Kawaguchi, Yamanaka da Sai. A Kawaguchi ɗin ma, a 2007 aka hana amfani da tanar roba saboda yadda take taruwa a ƙasan tafki.

36/ A 2007 ɗin dai, Akihito, lokacin yana Sarki, ya halarci wani taro a birnin Otsu da ke bakin Biwa, ya faɗa a bainar jama'a cewa shi ya kawo bulugil daga Amurka kuma abin da ya biyo baya yana damun zuciyarsa. Ba kasafai Sarkin Japan ke irin wannan magana ba. Shi kansa masanin kifi ne, kuma a kan dangin gobi ya yi bincikensa.

37/ Sai ranar 2 ga Yulin 2009. Wani mai fatsa, Manabu Kurita, ya ciro bas mai ƙaton baki daga Biwa mai nauyin kilo 10.12. Tun 1932 tarihin duniya ke hannun George Perry, wani manomi a jihar Jojiya da ya kama mai fam 22 da oza 4, iyalinsa suka cinye shi. Shekara 77 Amurkawa suna neman wanda zai karya shi a Kalifoniya da Teksas da Florida.

38/ Na Kurita ya ɗara na Perry da 'yan giram kaɗan, amma ƙa'idar hukumar IGFA ta ce sai an wuce da oza 2 kafin a ce an karya, don haka a Janairun 2010 aka ayyana kunnen doki. Kuma ba da dirof-shot ya kama shi ba. Bulugil mai rai ya soka a ƙugiya.